Sunan shafi da gajeren adireshi: abin da ƴan kasuwar Tasawa da Mayahi ke bukatar sani kafin su yi talla a intanet

Sunan shafi shi ne sunan da mutum ko kanti ke zaɓa wa kansa a dandalin sada zumunta, wanda ake rubutawa bayan alamar @, kuma ba wanda zai iya ɗaukar irinsa a wannan dandali muddin yana hannun mai shi. Gajeren adireshi kuwa ƴar taƙaitacciyar mahaɗa ce, abin da masu salula a Nijar suka saba kira «lien», wadda idan aka taɓa ta take kai mutum ga wani dogon adireshi da ke ɓoye a bayanta. Abubuwan biyu aiki ɗaya suke yi: sauƙaƙa wa mai saye hanyar zuwa wurin mai sayarwa.

Maganar ta shafi gundumomin Tasawa da Mayahi kai tsaye. Tasawa tana bakin babbar hanya mai lamba 1, tsakanin Maraɗi da Damagaram, kuma kilishinta ya yi suna har Yamai. Ƙasar Mayahi tana fitar da wake da gero da dabbobi, ga tabarmi da igiya da sauran kayan kaba daga Gulbin Kaba. Masu sayen waɗannan kaya da yawa ba a garin suke ba. Suna Yamai, ko Agadas, ko Katsina da Kano, wasu ma suna ci-rani a ƙasashen waje. Ciniki da su ta salula ake ƙulla shi, a turo kuɗi ta Nita ko Amana ko asusun waya, a saka kaya a mota. Duk wannan ciniki yana rataye ne a kan abu ɗaya: mai saye ya tabbata da wanda yake magana.

Suna biyu ne, ba ɗaya ba

Kowane shafi yana da suna iri biyu, kuma mutane da yawa suna haɗa su. Na farko shi ne sunan da ke fitowa da manyan baƙaƙe a saman shafi. Wannan ana iya rubuta shi yadda aka ga dama, da tazara tsakanin kalmomi, da kowane irin harafi, kuma shafi ɗari suna iya ɗaukar iri ɗaya. Na biyu shi ne sunan adireshi, wanda ke bin alamar @ ko ke zuwa a ƙarshen adireshin shafin, kamar facebook.com/ sannan sunan. Wannan na biyun mutum ɗaya kaɗai ke riƙe shi.

Facebook ya fara ba mutane damar zaɓen irin wannan suna a ranar 13 ga Yuni 2009. Kafin nan adireshin kowane shafi jerin lambobi ne da ba mai iya haddacewa, kuma har yau shafin da mai shi bai zaɓi suna ba haka adireshinsa yake. YouTube ya kawo nasa tsarin na @ a ƙarshen 2022. A dukkan dandalan ƙa'idar ɗaya ce: wanda ya riga kama suna shi ke da shi.

Ƙa'idojin kowane dandali

A Facebook sunan adireshi ba ya gaza harafi 5. Ana karɓar haruffan a zuwa z, da lambobi 0 zuwa 9, da ɗigo. Sai dai ɗigo da babban harafi ba sa bambanta suna da suna. Ke nan kilishi.tasawa da KilishiTasawa a wurin Facebook abu ɗaya ne. Instagram yana karɓar harafi har 30, da ɗigo da ɗan layin ƙasa. TikTok yana tsayawa a 24, kuma ba a sauya suna sai sau ɗaya a kwana 30. X, wanda ake kira Twitter kafin Yulin 2023, iyakarsa 15, kuma ba ya karɓar ɗigo. Telegram yana karɓar 5 zuwa 32, adireshinsa kuma t.me/ ne sannan sunan. YouTube yana karɓar 3 zuwa 30.

Abin da wannan ke nufi ga mai son suna ɗaya a ko'ina shi ne ya zaɓi wanda bai wuce harafi 15 ba, bai gaza 5 ba, kuma babu ɗigo ko layi a cikinsa. Irin wannan suna yana shiga kowane dandali, idan ba a riga an kama shi ba.

Haruffa masu lanƙwasa da rubutu iri biyu

Nan ne Bahaushe ke cin karo da matsalar da Bature bai san da ita ba. Facebook da Instagram da X da TikTok ba sa karɓar ɓ da ɗ da ƙ da ƴ a sunan adireshi. Dole mai ƙosai ya koma kosai, ɗan Tasawa ya koma dantasawa. Galibi mai karatu yana ganewa, amma akwai kalmomin da ma'anarsu ke juyawa idan lanƙwasa ta faɗi: baƙi ya zama baki, ƙafa ta zama kafa, ɓata ya zama bata. Mai zaɓen suna ya kamata ya rubuta shi ba lanƙwasa, ya ba wani ya karanta da ƙarfi, ya ji abin da zai fito. A sunan saman shafi kuwa ana iya rubuta Hausa daidai da haruffanta, babu abin da ya hana.

Matsala ta biyu ta fi wannan nauyi a Nijar, ita ce rubutun Faransanci da na Hausa. Garin da ake rubutawa Tessaoua a takardun hukuma da allunan hanya shi ne Tasawa a rubutun Hausa. Wanda ya yi lakwal zai rubuta kilichi, tchoukou, Haoussa. Mai saye daga Katsina ko Kano zai rubuta kilishi, cuku, Hausa. Na'ura ba ta san cewa kilichi da kilishi nama ɗaya ba ne. Idan ɗan Yamai ya ji tallar a baki ya rubuta ta da nasa salon, zai iya faɗawa shafin wani daban, ko ya tarar ba kowa.

Dabarar da ta fi sauƙi ita ce a duba inda yawancin masu saye suke, a zaɓi rubutunsu a sunan adireshi, sannan a saka rubutun biyu a sunan saman shafi da bayanin kanti, domin wurin bincike yana karanta waɗannan ma. Hanya ta biyu ita ce a nemi kalmar da ake rubuta ta iri ɗaya a harsunan biyu. Mayahi da Maradi, alal misali, ba su da wannan rigima.

WhatsApp: lamba ce suna

Mafi yawan cinikin salula a yankin a WhatsApp ake yin sa, musamman da saƙon murya, wanda ba ya bukatar iya karatu. Shi WhatsApp a kan lambar waya aka gina shi. Yana da nasa gajeren adireshi na kyauta: a rubuta wa.me/ sannan lambar ƙasa da lambar waya a haɗe. Ga Nijar ke nan wa.me/227 sai lambobi takwas na layin, ba alamar ƙari, ba sifili biyu a gaba, ba tazara. Duk wanda ya taɓa wannan adireshi zai faɗa hira da mai lambar ba tare da ya ajiye ta a wayarsa ba. Ana kuma iya ƙara ?text= a ƙarshe tare da ƴar jimla, ta yadda mai saye zai tarar da saƙo a rubuce, nasa kawai ya tura.

WhatsApp Business, wanda ya fito a Janairun 2018, yana ƙara abubuwa uku masu amfani ga ɗan kasuwa: bayanin kanti da lokutan buɗewa, jerin kaya da hotuna da farashi, da gajeren adireshi da lambar QR da manhajar ke haɗawa da kanta. Lambar QR ita ce wannan zane mai murabba'i na baƙi da fari da ake haskawa da kyamarar waya. Kamfanin Denso Wave na Japan ne ya ƙirƙiro ta a 1994 domin bin sawun kayan mota. Yau ana iya buga ta a takardar naɗe kilishi ko a jikin buhu.

Raunin wannan tsari shi ne adireshin wa.me yana bin lamba ne, ba mutum ba. Idan layin ya ɓace, ko aka daɗe ba a yi amfani da shi ba har kamfanin waya ya karɓe ya sayar wa wani, duk takardar da aka buga da wannan lamba za ta riƙa kai masu saye wurin baƙo. Saboda haka layin kasuwanci, ko na Airtel ne, ko Moov Africa, ko Zamani, ko Niger Telecoms, ya kamata a yi masa rajista da takardar shaidar mai kantin kansa, ba ta yaron kanti ko mai sayar da kredi ba.

Asalin gajeren adireshi da yadda yake aiki

Tsohon kamfanin da ya yi fice a wannan aiki shi ne TinyURL, wanda wani Ba'amurke mai suna Kevin Gilbertson ya buɗe a Janairun 2002. Bitly ya biyo baya a 2008 a birnin New York. Abin da ya haɓaka su shi ne Twitter, inda saƙo ba ya wuce harafi 140 har zuwa Nuwamban 2017, don haka dogon adireshi ɗaya kan cinye rabin saƙo. Daga baya manyan kamfanoni suka yi nasu: t.co na Twitter, youtu.be na YouTube, goo.gl na Google.

Aikin ba wuya. Mutum ya liƙa dogon adireshi a shafin kamfanin, kamfanin ya ajiye shi a rumbunsa, ya ba shi ƴan haruffa a madadinsa. Duk sanda wani ya taɓa gajeren, wayarsa tana fara zuwa na'urar kamfanin, ita kuma ta amsa da lambar 301 ko 302, wato umarnin cewa abin da ake nema ya koma wani wuri, ga adireshin. Duk wannan cikin ƙiftawar ido. Haruffan da ake haɗawa guda 62 ne: ƙanana 26, manya 26, lambobi 10. Da gurbi bakwai kacal ana iya samar da adireshi fiye da miliyar 3500. Wannan ne ma ya sa a Bitly babban harafi da ƙarami ba ɗaya ba ne, kuskuren harafi guda yana kai mutum wani wuri dabam.

Yawancin kamfanonin suna barin mutum ya zaɓi wutsiyar adireshin da kansa, ya sa kalma mai ma'ana a maimakon haruffan da ba su haɗa komai ba. Wannan ya fi dacewa da tallar da za a karanta a gidan rediyo ko a rubuta a allon kanti.

Inda yake da amfani

Amfani na farko a saƙon SMS ne. Saƙo ɗaya yana ɗaukar harafi 160. Amma da zarar an saka harafi ɗaya mai lanƙwasa, irin ƙ ko ɗ, wayar tana komawa wani tsarin rubutu da ke ɗaukar 70 kacal, sai saƙon ya rabu biyu ko uku, kuɗinsa ma ya ninka. Mai tura talla ga mutum ɗari biyu zai ga bambancin a kredinsa.

Na biyu shi ne ƙidaya. Tunda kowace taɓawa tana bi ta na'urar kamfanin, kamfanin yana iya faɗin sau nawa aka taɓa, a wace rana, daga wace ƙasa. Ƙungiyar mata masu man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, alal misali, tana iya yin gajeren adireshi biyu masu kaiwa wuri ɗaya, ta saka ɗaya a Facebook, ɗaya a takardar da ke jikin kwalba. Bayan wata guda za ta san wace hanya ce ke kawo mutane, ta daina zuba kuɗi a wadda ba ta kawo kowa. Sai dai taɓawa ba saye ba ce. Mutum ɗaya yana iya taɓawa sau biyar, kuma wasu na'urori masu yawo a intanet su ma ana ƙirga su. Littafin ciniki shi ne alƙali.

Na uku shi ne sauya wurin da adireshin ke kaiwa ba tare da an sauya shi kansa ba. Wanda ya buga gajeren adireshi a leda dubu, sannan lambarsa ta sauya, yana iya juya adireshin zuwa sabuwar lamba. A yawancin kamfanoni wannan sai da biya, biyan kuma da katin banki ne da kuɗin waje, abin da ƙananan ƴan kasuwa da yawa ba su da shi. Tsarin kyauta yana zuwa da iyaka: adireshi kaɗan a wata, wani lokaci har da talla da ake nuna wa mai saye kafin ya wuce.

Akwai kuma masu haɗa adireshi da yawa a shafi ɗaya, irin Linktree da aka kafa a birnin Melbourne na Ostareliya a 2016. Waɗannan sun fi amfani ga mai shafuka da yawa. Wanda WhatsApp kaɗai yake da shi, wa.me ya ishe shi.

Zanen aro ba ya rufe katara

Gajeren adireshi yana raye ne muddin kamfanin da ya ba da shi yana raye kuma yana so. Google ya buɗe goo.gl a Disambar 2009, ya sanar da rufe shi a 2018, ya daina ba da sababbi a Maris 2019. A Yulin 2024 ya ce tsofaffin ma za su mutu a ranar 25 ga Agusta 2025. Daga baya ya sassauta, ya bar waɗanda ake amfani da su, ya kashe waɗanda ba a taɓa ba a ƙarshen 2024. Idan kamfani mai girman Google ya yi haka, ƙaramin kamfanin da ba a san mai shi ba ba abin dogaro ba ne ga takardar da za ta shekara biyar tana yawo.

Haruffan ƙarshen adireshi ma suna da masu su. Kamar yadda .ne yake na Nijar, .ng na Najeriya, haka .ly da ke cikin bit.ly na Libiya ne. A 2010 hukumar da ke kula da shi a can ta ƙwace adireshin wani kamfanin gajartawa mai suna vb.ly, ta ce ya saɓa wa ƙa'idojin ƙasar, duk adireshin da ke ƙarƙashinsa suka tsaya. Saboda haka ne manyan kamfanoni da jaridu ke sayen nasu adireshin, su gina gajartawa a kansa. Ga ƙaramin ɗan kasuwa kuwa, maganin shi ne kada ya buga gajeren adireshi shi kaɗai. Ya rubuta lambar waya da sunan shafi a gefensa.

Ƙofar ƴan damfara

Babban aibin gajeren adireshi shi ne yana ɓoye inda zai kai mutum. Da wannan ƴan damfara ke aiki. Saƙonnin da ke yawo a rukunonin WhatsApp da sunan kyautar mega, ko rajistar tallafi, ko ɗaukar ma'aikata, sau da yawa irin wannan adireshi suke ɗauke da shi. Wanda ya taɓa sai a kai shi shafin da aka kwaikwaya, a nemi lambar sirrinsa ta asusun kuɗi, ko lambobi shida da WhatsApp ke turowa ta SMS. Wanda ya ba da waɗannan lambobi shida ya miƙa WhatsApp ɗinsa ke nan, tare da amanar duk abokan cinikinsa, domin ɓarawon zai bi su ɗaya bayan ɗaya yana neman a turo kuɗin kaya.

Sunan shafi ma ana kwaikwayonsa. A ƙara lamba ɗaya a ƙarshe, ko a sa sifili a gurbin harafin o, ko a juya sh zuwa ch, a kwafi hotunan mai kanti, shi ke nan an sami shafi na biyu. Rubutu iri biyu da aka ambata a sama yana sauƙaƙa wa ɓarawo aiki. Shi ya sa wasu ke kama sunan da rubutun biyu tun farko, su bar ɗaya a ajiye yana nuna hanyar ɗayan.

Rigakafin bai da tsada. A WhatsApp da Facebook da Instagram akwai tabbatarwa mai mataki biyu, wadda ke hana shiga ko da an sace lambar farko. Adireshin Bitly ana iya ƙara masa alamar ƙari a ƙarshe don a ga inda zai kai kafin a shiga. Mai saye kuma, kafin ya tura kuɗi karon farko, ya kira lambar ya ji murya, ya duba ko sunan da zai karɓi kuɗin ya yi daidai da na mai kantin. Shi ma mai sayarwa ya sani cewa yawan damfara ya sa mutane da yawa suna tsoron adireshin da ba su gane ba. Adireshin da ke nuna wa.me ko facebook.com a fili ya fi samun yarda a kan wanda ya fi shi gajarta amma ba a san asalinsa ba.

Mallakar suna da abin da doka ta ce

Kama suna a Facebook ko TikTok ba ya mayar da shi mallakar mutum a gaban doka. Kamfanin ne ke da dandalin, yana iya rufe shafi ko karɓe suna idan an saɓa wa ƙa'idojinsa. Mallaka ta gaskiya tana samuwa ne ta rajistar alamar kasuwanci. Nijar tana cikin ƙasashe 17 na ƙungiyar OAPI, mai hedkwata a Yawunde ta Kamaru, wadda yarjejeniyar Bangi ta 1977 ta kafa. Rajista ɗaya tana aiki a duk ƙasashen, tana ɗaukar shekara 10, ana kuma sabunta ta. Najeriya ba ta cikin ƙungiyar, don haka mai son kariya a can sai ya yi rajista dabam. Takardar rajista ita ce hujjar da manyan dandalai suka fi saurara idan aka kai ƙarar wanda ya kwaikwayi suna.

A 2023 OAPI ta ba kilishin Nijar da albasar Galmi shaidar kayan da aka danganta da ƙasarsu. Irin wannan shaida ta jama'ar masu sana'ar ce gaba ɗaya. Ba ta hana kowa sa kalmar kilishi a sunan shafinsa, ba ta kuma ba mutum ɗaya ikon mallakar ta. Haka sunan gari: Tasawa ta kowa ce. Abin da mutum zai iya karewa shi ne sunan da ya keɓanta da shi ko da gidansu, don haka ya fi kyau a haɗa sunan sana'a da wani abu na kai.

Game da damfara, dokar Nijar mai lamba 2019-33 ta ranar 3 ga Yulin 2019 tana hukunta laifukan da ake aikatawa ta na'ura. Wanda aka cuta yana kai ƙara wurin ƴan sanda ko jandarmomi, tare da hoton saƙonnin, da adireshin shafin, da takardar tura kuɗi. An yi wa dokar gyara a watan Yunin 2024, inda aka maido da hukuncin ɗauri a kan ɓata suna da zagi ta intanet. Wannan ya shafi wanda aka kwaikwayi shafinsa ma: ya sanar da abokan cinikinsa sunan shafinsa na gaskiya da lambarsa, ya kai ƙara ga dandalin da hukuma, amma kada ya kama sunan wani mutum ya yaɗa cewa shi ne ɓarawon alhali ba shi da hujja a hannu.